Abin da Ya Rage na 'Yar Mahauci

Dakta ake ce mata a unguwa, amma tun da take ba ta taɓa yi wa ko kyanwa allura ba. Aikinta kallo ne. Shekara goma sha ɗaya tana shiga wani ɗaki marar taga a hawa na biyu na cibiyar bincike, ta kashe fitila, ta zauna gaban wani ƙaton madubin ganin ƙananan halittu da ya cinye rabin ɗakin, tana kallon abin da ke tafiya a cikin ƙwayar halitta.

A cikin kowace ƙwaya ta jikin mutum akwai wasu siraran layuka kamar titin jirgin ƙasa. A kan layukan akwai wasu furotin masu ƙafa biyu da ke ɗaukar kaya daga wannan kusurwa zuwa waccan. 'Yan dako take kiran su. Ƙanƙantarsu ta wuce misali, don sai ɗan dako ya yi taku fiye da dubu ɗari kafin ya ci milimita ɗaya. Takan liƙa musu wani sinadari mai ƙyalli, ta haska su, sai su fito a allon kwamfuta kamar ɗigon kore, suna tafiya. Mahaifiyarta kan ce, "Ashe duk karatun nan ƙirga takun 'yan dako aka tura ki yi? Da kin faɗa mini ai da na kai ki bakin kasuwa na ba ki kujera."

Ba wasa ba ne dai. Jijiyar da ta taso daga gadon baya zuwa babban yatsan ƙafa ƙwaya ɗaya ce tal, doguwa. In 'yan dako suka kasa kai mata kaya har ƙarshe, ƙarshen sai ya soma mutuwa, ƙafa ta soma ja.

Ta dalilin irin wannan ciwo ta san wani mahauci. Babbar 'yarsa, wadda yake kira Sarauniya, tana shekara tara ta fara tuntuɓe a fili, tana sha ɗaya ta koma keken guragu. Likitan yara ya turo su cibiyar. Aka yanki fatar damtsen yarinyar, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar shinkafa. Akwai takarda mai shafi uku da ya kamata uban ya karanta. A tsaye ya sa hannu, yana duba agogo, don ya bar nama a kan tebur.

"Za mu duba mu ga abin da ke damun ta," in ji Dakta.

Iyakar abin da ta gaya masa ke nan. Ba ta ce masa za su rena fatar nan a kwalba ba, su ciyar da ita, su juya ta ta zama jijiya, ta yi ta yaɗuwa. Yana cikin takardar, a shafi na biyu.

Cikin shekara biyu ta gano matsalar. Ɗan dakon mai lafiya yakan yi taku ɗari ko fiye kafin ya saki layi. Na Sarauniya kuwa goma, sha biyu, sai ya sulale ya faɗi da kayansa. Dakta tana cikin rubuta wannan sakamako ciwon ƙirji ya kama yarinyar, kwana biyar ta cika.

Dakta ta je gaisuwa. Ta tarar da uwar a zaune a ƙasa, ta jingina da keken da babu kowa a kansa. Tausayi ya kama ta, sai ta riƙe hannun matar.

"Maman Sarauniya, ki yi haƙuri. Ba ta tafi duka ba. Ƙwayoyin jikinta suna nan a wurinmu da ransu, kullum ina ganin su suna motsi."

Matar ta ɗago ta dube ta. Dakta ta ɗauka kallon godiya ne.

Kwana tara bayan haka, ranar Talata da hantsi, tana cikin ɗakin duhu ta ji an fasa gilashi. Ta zaci wani ne ya ture kwalba. Sai ta ji na biyu, da na uku, sannan muryar Baba Injiniya, dattijon da ke gyara musu na'urori tun kafin ita ta zo, yana cewa, "Kai, kai, bayin Allah, lafiya?"

Ta fito. Hasken babban ɗakin ya kashe mata ido, ta tsaya tana ƙifce-ƙifce. Mutum shida ne. Ba su ko cire rigunan aiki ba, jinin dabba ya bushe a gabansu. Biyu na riƙe da ƙugiyar rataye nama, ɗaya da gatari. A gaba akwai ƙanen mahaucin, wani ƙato mai wuya kamar na sa, wanda ake kira Guduma, da rodin ƙarfe a hannunsa. Jinin da ke bakin rodin ɗanye ne. Daga baya ta ji cewa na maigadi ne.

Mahaucin yana tsakiyarsu da wuƙar fawa. Ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Ina 'yata?"

"Baban Sarauniya, don Allah ka zauna mu yi magana."

"Ban zo zama ba. Da hannuna na sa ta a rami, da hannuna na mayar da ƙasa. Kika je har ɗakin matata kika ce tana nan da rai a wurinku. Kwana tara matar nan ba ta runtsa ba. Cewa take yarinya tana cikin firji tana jin sanyi, tana kiran ta. Ina kika ajiye ta?"

"Ba ita ba ce. Ƙwayoyi ne kawai, daga fatar da muka yanka. Ka sa hannu a takarda."

Tana faɗin haka ta san ta yi kuskure.

"Takarda!" in ji Guduma. "Yaya, ka ji ko? Da takarda aka saye ta."

Ya ɗaga rodin ya share kan teburin aiki daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Kwalabe suka tarwatse, ruwa ja da shuɗi ya malale a ƙasa, wani wari mai yaji ya tashi. Sauran suka bi sahu. Mai gatari ya sari ƙofar firji har ta rataye da ƙarfe ɗaya. Wani ya sa ƙugiya ya fizgo kanta daga bango, ta zube da duk abin da ke kanta. Ma'aikata biyu da ke ɗaya gefen ɗakin suka ranta a na kare ta ƙofar baya.

Baba Injiniya bai gudu ba. Ya je ya tsaya a ƙofar ɗakin duhu, ya buɗe hannuwansa. Shi ya harhaɗa madubin nan da kansa, ya san kowane noti da ke jikinsa.

"Ɗana," ya ce wa Guduma, "na haife ka. Babu kowa a ɗakin nan, na'ura ce. Ka ji tsoron Allah."

"Matsa, tsoho."

"Ba zan matsa ba."

Rodin ya same shi a gefen fuska. Tabaraunsa ya fashe a kan idonsa na hagu. Bai yi ƙara ba, ya dai durƙusa a hankali kamar mai neman abin da ya faɗi, jini na bin yatsunsa yana ɗiga a takalminsa. Guduma ya sake ɗaga rodin. Dakta ba ta san lokacin da ta isa wurin ba. Ta tare da hannun dama, ta ji ƙashin ya ce ƙas, kamar an karya busasshen kara. Zafin bai zo nan take ba. Ta dai ga hannunta ya lanƙwashe a inda babu gaɓa. Guduma ya sa ƙafa ya hankaɗe ta, bayanta ya bugi gefen tebur, numfashinta ya ɗauke.

A kusurwar ɗakin akwai wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai tsawon ƙugun mutum. A cikinta ake daskarar da ƙwayoyi, cikin wani ruwa mai tsananin sanyi da ke tafasa da zarar ya taɓa iska. Guduma ya hango ta, ya ga ɗan farin hayaƙi na fita daga bakin murfin.

"Yaya, ga inda suka sa ta!"

"Kar ka taɓa!" Dakta ta yi ƙoƙarin ihu, amma muryar ba ta fita ba sai kamar raɗa. "Za ta ƙone ka!"

Ya cire murfin, ya leƙa, bai ga komai ba sai hazo. Ya kama bakin tukunyar da hannu biyu ya kifar da ita.

Ruwan ya kwararo yana ƙugi, yana tsalle a kan daɓe kamar mai a wuta. Farin hayaƙi ya tashi ya rufe ɗakin har gwiwa, sannan har ƙirji. Guduma da silifa ya zo da safa. Ruwan ya shige cikin safar ya zauna. Ihun da ya yi sai da ya sa sauran suka saki makamai. Ya faɗi yana birgima, yana yagar ƙafafunsa, fatar tafin hannunsa ta yi fari fat. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Wayyo, tsafi ne!" Suka yi ƙofa gaba ɗaya, suka maƙale a bakinta, mai gatari ya taka wuyan ɗan'uwansa ya wuce. Ana jin su suna gangarawa matakala, wani ya faɗi, wani ya bi ta kansa.

Dakta ta san abin da su ba su sani ba: hayaƙin nan yana korar iskar numfashi, kuma Baba Injiniya yana ƙasa, inda ya fi yawa. Ta ja jiki ta kama wandon mahaucin da hannun hagu.

"Taga. Ka fasa taga, ko duk mu mutu a nan."

Ya dube ta, ya dubi ƙanensa da ya fara shiru. Ya ɗauki kujerar ƙarfe ya jefi babbar taga, ya ɗauki wata ya jefi ta biyu. Iska ta shigo, hayaƙin ya soma janyewa. Ya ja Guduma da wuyan riga zuwa bakin ƙofa ya yar. Baba Injiniya kuwa ita ta ja shi, da hannu ɗaya, tana kuka don zafi, har ta jingina shi da bango a ƙarƙashin tagar.

Ta ɗauka an gama. Sai ta ji an shaƙo wuyan farar rigarta an ɗaga ta tsaye. Wuƙar ta kwanta a ƙasan haɓarta, da sanyinta da ƙarnin kitse.

"Ban tambaye ki komai ba sai abu ɗaya. Ina take?"

Ta nuna masa akwatin ɗumi da ake renon ƙwayoyi masu rai a cikinsa. Ba su taɓa shi ba, don kama yake da ƙaramar kabad. Ta buɗe da hannun hagu, ɗumi ya bugo su kamar numfashin mutum. Ta zaro kwalabe huɗu masu faɗi, kowace da ɗan ruwa mai launin hoda a ƙasanta, da lamba a rubuce a gefe.

Ya ɗaga ɗaya ya duba ta a hasken taga. Ya juya ta. Ya girgiza.

"Ni za ki raina wa hankali? Ruwa ne wannan."

"Ba a ganin su da ido. Wallahi su ne."

Bakin wuƙar ya shiga kaɗan. Ta ji jini na gangara cikin rigarta.

"Matata kika ce wa kina ganin ta tana motsi. Nuna mini."

Ta kai shi ɗakin duhu, suka tsallake jinin Baba Injiniya a bakin ƙofa. Allon yana nan a kunne yadda ta bar shi. Baƙi ne wuluk, sai siraran layuka ja-ja da suka ratsa shi, da ɗigon kore suna bin su.

"Mene ne wannan?"

"Jijiyarta ce. Koren nan su ke kai wa ƙafa abin da take bukata. Ka zaɓi ɗaya ka bi shi da ido."

Bai cire wuƙar ba, amma ya duba. Wani ɗigo ya taso daga hagu, ya yi gaba kaɗan, ya tsaya, ya ƙara gaba, sai ya ɓace. Wani ya taso, shi ma bai yi nisa ba ya ɓace.

"Ina ya tafi?"

"Faɗuwa ya yi. Na mai lafiya sai ya ƙetare allon nan. Nata ba sa kaiwa. Shi ya sa ƙafarta ta mutu. Ba sammu ba ne, ba kuma laifin kowa ba ne."

Ya daɗe yana kallo. Tana jin numfashinsa a kunnenta, yana fita da ƙyar. Ɗigo ya taso ya faɗi, wani ya taso ya faɗi.

"Haka take yi," ya ce a hankali. "Daga ƙofar ɗaki zuwa bakin famfo. Ta tashi, ta faɗi." Muryarsa ta canza. "Shekara biyu ina kallon wannan a gidana. Ta huta, ke kuma kin ajiye ta a nan tana ta faɗuwa, kina kallo, kina rubutawa."

Ya sake ta. Ya juya wuƙar ya daki allon da ƙotarta, ya sake duka, har allon ya mutu. Ya fita ya ɗauko rodin ƙanensa ya dawo. Dakta ta zauna a ƙasa ta riƙe karyayyen hannunta tana ji yana farfasa madubin, gilashi bayan gilashi, yana nishi kamar mai sarar ƙashi. Da ya gama ya tambaye ta wanne ne na 'yarsa a cikin tarkacen. Ta nuna masa ɗan farantin da ke kan madubin, wanda ya tsage amma bai rabu ba. Ya cire rigar aikinsa, ya naɗe farantin da kwalaben huɗu a ciki, ya rungume a ƙirji, ya fita. A babban ɗakin ya bi ta kan ɗaruruwan ƙananan robobi da suka zubo daga tukunyar sanyi suna narkewa a ƙasa. Na Sarauniya guda shida ne a ciki, bai sani ba. Sauran na iyalai goma sha ɗaya ne.

'Yan sanda ba su sha wahalar neman sa ba. A maƙabarta suka same shi. Ya haƙa ɗan rami a gefen kabarin 'yarsa da wuƙar, ya binne ƙunshin, ya zauna yana jiran su.

Idon Baba Injiniya bai tsira ba. Maigadi ya yi wata guda a asibiti da fasasshen kai. Guduma ya rasa yatsu uku a ƙafar dama, kuma daga gadon asibiti aka wuce da shi gidan yari. An sa wa Dakta ƙarfe a hannu, an yi mata ɗinki biyar a wuya.

A kotu lauya ya ɗaga takardar nan mai shafi uku, ya tambaye ta ko mahaucin ya sa hannu. Ta ce ya sa. Ya ce to shi ke nan, ta zauna. Ba ta zauna ba. Ta ce a tsaye ya sa hannun, bai karanta ba, ta kuma ga bai karanta ba, ta ƙyale shi don tana son fatar. Ta faɗi abin da ta gaya wa matarsa a wurin gaisuwa. Ta faɗi cewa shi ya fasa tagogin. Shugaban cibiyar, da ke zaune a baya, ya tashi ya fita. Alƙali ya ba Guduma shekara takwas, mahaucin uku.

A bakin kotu ta tarar da Baba Injiniya, da auduga a ido, 'yarsa na riƙe da shi. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Na ji bayaninki," ya ce. "Kin kyauta masa. Ke hannunki zai warke."

"Baba, gaskiya na faɗa."

"Ban ce ƙarya kika yi ba. Da kin faɗe ta tun ranar da ya zo da yarinyar, da yau da idona biyu."

'Yarsa ta ja shi suka tafi. Sau uku Dakta tana zuwa gidansa, ana ce mata yana hutawa.

Wata biyar bayan shari'ar, tana zaune a wani ɗan ofis da aka ba ta a hawan ƙasa, aka ƙwanƙwasa. Maman Sarauniya ce, riƙe da hannun ƙaramar 'yarta mai shekara takwas. Tun kafin su zauna Dakta ta ji sautin: taku ɗaya daidai, ɗaya yana sharar ƙasa.

Matar ba ta ba da haƙuri ba, Dakta ma ba ta nema ba. Ta ja kujera kusa da ita, ta ɗauki farar takarda, ta zana layi da ɗan dako. Awa biyu tana bayani. Ta gaya mata cewa fatar da aka yanka ba ta ji, ba ta gani, ba ta san sanyi ba, amma tana iya rayuwa shekaru bayan mai ita. Ta gaya mata cewa babu magani a hannunta, kuma mai yiwuwa ba za a samu ba a lokacin da zai amfani wannan yarinyar.

"To mene ne amfanin?"

"Na wasu ne, a gaba. Ban da wannan ba ni da abin da zan yi miki alkawari."

Matar ta ce kafin a yanki fatar yarinyar sai ta tambayi uban. Ranar ziyara ta je gidan yari, bayan mako guda ta dawo ita kaɗai.

"Ya ce ko farcenta kar a taɓa."

"To, Maman Sarauniya. Ba za a taɓa ba."

Matar ba ta tashi ba. Ta naɗe hannun rigarta har kafaɗa.

"Kin ce ciwon gado ne, rabinsa daga wurina ya fito. Wannan jikina ne, ba sai na tambayi kowa ba."

Dakta ta gaya mata cewa nata ba zai nuna ciwon sosai kamar na yaran ba, aikin zai yi tsawo. Matar ta ce ta ji. Dakta ta karanta mata takardar da ƙarfi, layi-layi, tana tsayawa tana tambayar ta ko ta gane, har wurin da matar ta sa aka ƙara sharaɗi da biro: ranar da ta mutu a zubar da komai. Sannan suka tafi asibiti tare, likitan yara ya yi yankan.

Da wannan fatar Dakta ta sake farawa. Cibiyar ba ta sayi sabon madubi ba, sai aron na wata jami'a take yi, ranar Litinin da Alhamis, tafiyar awa biyu a mota, da kwalaben a cikin akwati a kan cinyarta. Hannun dama bai koma daidai ba, ta koyi ɗiban ruwan gwaji da hagu. Ƙaramar yarinyar kuwa an yi mata takalmin ƙarfe, tana zuwa makaranta da shi, kuma har mahaifinta ya fito ba ta kai ga hawa keken yayarta ba.